Ina Labarin Yaron Kanti? Tsokaci Kan Binciken Tafarkin Aiki

Editan mujallarmu ya nemi kowa ya ɗan yi bayanin abin da yake karantawa, don mu san juna fiye da gaisuwar Sallah da taron shekara. Ni dai ina digiri na biyu ne a Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa, a fannin ba da shawara kan karatu da aiki. Da yawa daga cikinmu ba su ma san ana yin digiri a kan wannan ba. Mahaifiyata in aka tambaye ta abin da nake karantawa sai ta ce ina koyon samar wa mutane aiki ne, shi ya sa ba a rasa mai aiko mini da takardun ɗansa daga gida. Gaskiyar magana ba ma samar wa kowa aiki. Abin da muke nazari shi ne yadda mutum yake zaɓar sana'a, yadda yake tafiya a cikinta, da abin da ke sa ya ci gaba, ko ya tsaya, ko ya sauya hanya. Wannan shi zan riƙa kira tafarkin aiki.

Greensboro ba ƙaramin gari ba ne a wannan fanni, ko da yake ba ta yi suna kamar Boston ko New York ba. Jami'ar Karolina ta Arewa da ke nan tana da sashen horar da masu ba da shawara wanda aka daɗe ana ji da shi. Hukumar NBCC, mai ba masu wannan aiki takardar shaida a Amurka, hedikwatarta tana nan. Daga 1993 zuwa 2003 a nan aka ajiye rumbun ERIC na tattara rubuce-rubucen ba da shawara. Ga kuma cibiyar CCL mai nazarin shugabanci, wadda aka kafa a 1970, inda aka yi binciken da ya haifar da littafin nan na 1987 kan abin da ke hana mata kaiwa manyan kujeru a kamfanonin Amurka. In ka yi tafiyar awa ɗaya da ɗan kai zuwa Raleigh, can ne cibiyar da ke kula da O*NET, wato kundin da gwamnatin Amurka ta zayyana ɗaruruwan sana'o'i a cikinsa, kowace da irin ilimin da take bukata. Saboda haka wanda ya zo nan karatun wannan fanni ya zo bakin rijiya.

Shekara guda na kwashe ina karanta abin da masana suka rubuta, domin sai da haka malamai ke yarda ka fara naka binciken. Bari in taƙaita inda aka fito. Ana danganta mafarin fannin da wani mutum, Frank Parsons, wanda ya buɗe ofishin ba matasa shawara a Boston a 1908, littafinsa kuma ya fito a 1909 bayan ya rasu. Dabararsa uku ce: ka san kanka, ka san ayyukan da ke akwai, sannan ka yi tunani ka haɗa biyun. A 1957 Donald Super ya kasa rayuwar aiki mataki-mataki, daga tasowa zuwa laluben hanya, zuwa kafuwa, zuwa riƙe abin da aka samu, zuwa ja da baya. A 1959 John Holland ya fara gabatar da ra'ayinsa cewa mutane iri shida ne, wuraren aiki ma iri shida, kuma mutum ya fi samun natsuwa in halinsa ya dace da inda yake. Har gobe ana yi wa ɗalibai gwajinsa a ofisoshin shawara na jami'o'in ƙasar nan.

Duk waɗannan an gina su ne a kan mutum guda: wanda ya gama makaranta, ya shiga babban kamfani, ya hau tsani har ya yi ritaya da fansho. Ita kanta kalmar Ingilishi da suke kiran abin da ita, asalinta tana nufin titin keken doki ko filin sukuwa, wato hanya ɗaya miƙaƙƙiya. Da kamfanoni suka fara korar ma'aikata dubu-dubu sai masana suka sauya murya. Douglas Hall a 1976 ya kawo batun ma'aikacin da ke rikiɗa kamar hawainiya, wanda shi ke jan ragamar kansa ba kamfani ba. A 1996 Michael Arthur da Denise Rousseau suka fitar da littafi kan tafarkin aiki marar iyaka, inda mutum ke tsallakawa daga wannan ma'aikata zuwa waccan da iliminsa da sanayyarsa. A 1999 John Krumboltz da abokan aikinsa suka ce a daina raina abin da ke faɗo wa mutum ba zato, domin shi ke juya rayuwar yawancin mutane. Da na karanta wannan sai da na yi murmushi, don an ɗauki shekara casa'in kafin a gano abin da kowace tsohuwa a unguwarmu take kira rabo.

Abin da ya kawo wannan sauyin ana ganinsa da ido a Greensboro. Garin masaƙu ne. Kamfanin Burlington, mai hedikwata a nan, ya durƙushe a 2001, na Cone ya bi shi a 2003, masaƙar White Oak kuma, wadda ta fara aiki a 1905 tana saƙa yadin wandon jins, an rufe ta a ƙarshen 2017. Duk ɗan Arewa da ya ji wannan zai tuna Kakuri. Masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, ga kuma masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano da suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Bambancin shi ne a Amurka tun 1984 gwamnati take tambayar waɗanda suka rasa aiki, duk bayan shekara biyu, ko sun samu wani, da ko albashin ya kai na da. Mu kuwa abin da muke da shi ƙoƙarin ɗaiɗaikun masana ne, kamar Gunilla Andrae da Björn Beckman da suka rubuta kan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1998, da Elisha Renne wadda ta bi sawun matan da ma'aikatan KTL suka mutu suka bari ba a biya haƙƙinsu ba. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma bishiya ɗaya ba ta yin kurmi.

To, a nan na fara ganin giɓin. Na farko, su wa ake bincika? A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun nazarin halayyar ɗan Adam guda shida, ya tarar kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi binciken a kansu Amurkawa ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu masana'antu suke. Fanninmu reshe ne na wannan bishiyar. A ɗaya ɓangaren, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a rahotonta na 2018 kusan kashi 86 cikin ɗari na masu aiki a Afirka ba a ƙarƙashin tsarin hukuma suke ba, wato ba takardar ɗauka, ba fansho, ba tsani. Ke nan ilimin da ake koya mana an ɗinka shi ne da awon ƙalilan, aka ce riga ce ta kowa. Don a yi adalci, wasu daga cikinsu sun farga. David Blustein ya fito fili a 2006 ya ce yawancin mutanen duniya ba zaɓar aiki suke yi ba, abin da ya samu suke kamawa don a ci abinci, kuma ya kamata fannin ya koma kansu. An samu masu binsa da yawa. Sai dai ko su, talakan Amurka suka fi dubawa.

Ina da kawu wanda nakan gwada kowane ra'ayi a kansa in na karanta. An kai shi almajirci Gabas yana yaro. Ya koyi ɗinki a wurin wani tela da yake yi wa aike. Ya tafi Legas ya zauna da masu canjin kuɗi, ya dawo Kano ya zama yaron wani Alhaji a Kantin Kwari, ya yi shekaru yana buɗe kanti yana rufewa, yana raka kaya tasha, har maigidan ya yarda da shi ya fara aikensa sayayya. Da lokaci ya yi aka sallame shi da ɗan jari da kaya bashi, aka kuma tsaya masa wajen aure. Yau shi ma yana da yara a ƙarƙashinsa, ya je Dubai ya je Chaina, ga gona yana nomawa duk damina, ga ɗalibai suna ɗaukar karatu a zaurensa bayan Magariba. In na ba shi gwajin Holland, a wane gida zan sa shi? In na bi matakan Super, yaushe ya yi laluben hanya, alhali tun yana ɗan shekara goma yake ciyar da kansa? Amma ba wanda zai ce rayuwarsa ba ta da tsari. Tana da matakai, tana da jarrabawa, wato amana, tana da yaye, tana da mai sa hannu a kan shaida, wato ubangida. Ba a dai rubuta tsarin a takarda ba.

Abin mamaki, an yi rubutu a kan wannan tsari, kuma rubutu mai zurfi. M. G. Smith, wanda ya yi aiki a ƙasar Zazzau, ya bayyana a 1959 yadda Hausawa suke bambanta sana'ar gado, wadda ya ji ana kira karda, da wadda mutum ya shiga da kansa, wato shigege, da yadda kowace ke shafar darajar mutum. Abner Cohen a 1969 ya nuna yadda masu gida a Sabon Ibadan suke riƙe cinikin shanu da goro, da yadda yaro ke tasowa a hannunsu har ya zama dillali. Paul Lovejoy a 1980 ya rubuta tarihin fataucin goro na Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, zuriyar da Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya fito daga cikin ta farkonsu. Emmanuel Grégoire a 1986 ya yi nazarin Alhazan Maraɗi da alaƙar bara da ubangidansa. Paul Lubeck a shekarar nan ya rubuta kan gardawan da suka zama leburori a masana'antun Kano. Matsalar ita ce duk waɗannan suna ɓangaren tarihi da nazarin al'adu na laburare, mujallun tafarkin aiki suna wani bene, kuma da wuya ka ga na wannan benen ya ambaci na wancan. Mai nazarin al'ada yana kallon yaron kanti a matsayin al'ada. Mai nazarin aiki ba ya ganinsa sam. Bugu da ƙari, yawancin littattafan sun haura shekara talatin, an rubuta su kafin wayar hannu, kafin kasuwar waya ta Fam Santa, kafin mai digiri ya fara zama a kanti yana jiran sallama.

'Yan uwanmu Ibo sun fi mu sa'a a nan. Tsarinsu na koyon kasuwanci a hannun maigida ya samu masu tallata shi, har mujallar kasuwanci ta Harvard ta buga maƙala a kansa a 2021, ɗalibai kuma suna ta rubuta kundin digiri a kai. Ba ƙyashi nake yi ba, nasu suka tsaya wa. Tambayata ita ce wa zai tsaya wa namu? Ga Kwari, ga Singa, ga Ƙofar Wambai, ga Dawanau, ga kasuwar Jibiya da ta Maraɗi. Shekara nawa yaro ke yi kafin a sallame shi? Cikin goma nawa ke tsayawa da ƙafarsu bayan shekara biyar? Me ke faruwa da yaran kanti in maigida ya rasu aka raba gado? Wanda ya yi boko ya fi saurin kafuwa, ko kuwa girman kai ke kayar da shi? Waɗannan tambayoyi ne da amsarsu za ta amfani gwamnatocin da ke raba keken ɗinki da sunan koyar da sana'a, sannan bayan wata uku a tsinci keken a kasuwa.

Akwai ma inda namu zai gyara nasu. Mark Granovetter ya yi suna da binciken da ya wallafa a 1973 da 1974, inda ya tambayi ma'aikata masu ilimi a garin Newton kusa da Boston yadda suka samu aiki, ya gano cewa sanin shanu ya fi kai mutum ga aiki fiye da aminci na kusa, domin na kusa abin da ka sani shi suka sani. Wannan gaskiya ne inda labari kawai kake bukata, kamfani kuma zai duba takardunka, kotu tana nan in an ci amana. Amma inda za a danƙa maka kayan miliyoyi ba tare da rubutu ba, sanin shanu ba ya wadatarwa, sai wanda ya san gidanku ya tsaya maka. A ganina ra'ayin nasa yana da sharaɗi, kuma kasuwanninmu su ne wurin da za a gwada sharaɗin.

Batun mata kuwa ya fi kowane ɓacewa. Polly Hill ta rubuta tun 1969 kan cinikin ɓoye da matan kulle suke yi a Batagarawa, Enid Schildkrout kuma ta nuna a shekarun 1970 yadda tallan yara ke riƙe da sana'ar mata a birnin Kano. Yau 'yar uwata mai digirin kimiyyar sinadarai tana haɗa turaren wuta da humra a gida, tana sayarwa ta WhatsApp da Instagram, tana aika kaya har Abuja, tana biyan mutum biyu. In mai ƙidaya ya zo ƙofar gida, maigidanta zai ce ba ta aiki, ita ma haka za ta ce, domin a wurinmu aiki shi ne na ofis.

Giɓi na gaba mu ne kanmu, masu karanta wannan mujalla. Greensboro na cikin garuruwan Amurka da 'yan Nijar suka yi yawa, Zabarmawa da Hausawa, ga kuma mu 'yan Nijeriya. Ranar Juma'a za ka yi sahu da wanda ya gama Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ta Ahmadu Bello, ko ta Bayero, amma yanzu yana loda kaya a sito, ko yana tuƙa babbar mota, ko yana jinyar tsofaffi. Cibiyar MPI mai nazarin ƙaura ta ƙiyasta a 2016 cewa baƙi masu digiri kusan miliyan biyu a Amurka ko dai suna aikin da bai kai iliminsu ba, ko ba su da aikin, wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu. Likitan da ya yi shekaru yana duba marasa lafiya a gida sai ya sake rubuta jarrabawar USMLE, ya samu shaidar ECFMG, sannan galibi ya nemi gurbin horo tare da yaran da suka gama jiya. Shi kuma ɗalibi mai bizar F-1, awa 20 a mako doka ta yarda ya yi aiki a cikin makaranta lokacin karatu. In ya gama yana da wata 12 na gwajin aiki, sai in fanninsa na cikin jerin kimiyya da fasaha a ƙara masa wata 24. Bayan nan sai bizar H-1B, wadda doka ta ƙayyade 65,000 a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu babban digirin Amurka. Littafi ya ce ka bi abin da zuciyarka ke so. Na san mutum uku a cikinmu da suka zo da son tarihi ko adabi, suka koma nazarin bayanan kwamfuta saboda wata 24 ɗin nan. Ga kuma kuɗin makarantar ƙanne da na asibitin iyaye, waɗanda ke sa mutum ya ƙi aikin da zai kai shi gaba nan da shekara biyar, ya kama wanda zai biya shi ranar Juma'a. Wannan ba tafarki marar iyaka ba ne, iyakar ma ita ke jan akalar.

Ko a alƙaluma ba ma fitowa. Ana yawan cewa 'yan Nijeriya na cikin baƙin da suka fi ilimi a Amurka, kuma haka ne, amma jimilla ce da ta haɗiye mu, ba ta faɗin komai kan ɗan Katsina ko ɗan Damagaram. A teburan harsuna da hukumar ƙidaya ta fi wallafawa za ka ga Yarbanci da Ibo da Amharik da Somali da sunayensu, Hausa kuwa tana cikin "da sauransu".

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rashin bibiya. A 1979 Amurka ta zaɓi matasa 12,686 ta fara yi musu tambayoyi, ta ci gaba da komawa wurinsu shekara da shekaru har suka manyanta. Daga nan aka san cewa Ba'amurken da aka haifa tsakanin 1957 da 1964 ya riƙe ayyuka kimanin 12 daga shekara 18 zuwa hamsin da wani abu. Mu a gida, ba da shawara ya shiga manufar ilimi ta ƙasa tun 1977, ana kuma rubuta kundaye da yawa a jami'o'inmu. Sai dai mafi yawan waɗanda na karanta salonsu ɗaya ne: a raba wa 'yan ajin ƙarshe na sakandare takardar tambayoyi, a ce me kake so ka zama, su ce likita ko injiniya ko lauya, a lissafa, a ce iyaye da abokai suna da tasiri, a rufe. Buri aka auna, ba tafarki ba. Alhali kayan aikin suna nan. NYSC tana rajistar masu digiri tun 1973, JAMB tana tara sunaye tun 1978. Gwamnatin Kano ta tura ɗalibai 501 ƙasashen waje karatun digiri na biyu a zangon mulki na 2011 zuwa 2015, ga kuma waɗanda PTDF da TETFund suka ɗauki nauyi. Rukuni ne a shirye, an san sunayensu da fanninsu da shekarar da suka dawo. Wanda ya zauna ya bi su ɗaya-ɗaya, ya ga wa ke koyarwa, wa ya koma kasuwa, wa ya sake fita, zai gaya wa jiha ko kuɗinta ya haifi ɗa mai ido, ya kuma gaya mana, mu da ke tunanin komawa, abin da ke jiranmu.

Nawa ɗan binciken ƙarami ne, daidai ƙarfin digiri na biyu. Ina hira da masu jin Hausa da ke zaune a Greensboro da kewaye kan ayyukan da suka yi tun daga gida har zuwa yau. Kwamitin kula da haƙƙin waɗanda ake bincike a kansu ya yarda in karɓi amincewa da baki maimakon sa hannu, domin mutanenmu in suka ga takarda da biro sai hira ta mutu. Tambayoyin da na fassara daga littafi ba su yi tasiri ba. In ka ce wa dattijo mene ne burinka na aiki, sai ya ce Allah dai ya rufa asiri. Amma in na ce, "Baba, wa ya kawo ka garin nan, a hannun wa ka fara zama?" sai a yi awa biyu ba a gama ba. Ba da sunan aiki suke lissafa rayuwarsu ba, da sunan mutane suke yi: shekarun da na yi a wurin wane, lokacin da wane ya ɗauke ni, bayan rasuwar wane. Yanzu haka ina sake tsara jadawalina, inda aka ware gurbin muƙami da albashi na ƙara gurbin wanda ya tsaya wa mutum a kowane mataki, da abin da shi kuma ya biya daga baya. Malamata ta ce in kawo mata babi na uku kafin hutun hunturu, kuma har yanzu matan da suka yarda a yi hira da su ba su kai yadda nake bukata ba. Duk 'yar uwar da ke jihar nan, ko wadda ta san wata da za ta yarda, tana iya sanar da sakataren ƙungiya.